"Me ka ci jiya?" ba ta isa tambaya ba

Ina koyarwa a wata firamare a Marwa, a arewacin Kamaru. Bara wata ƙanwata, ma'aikaciyar lafiya, ta ce in taya ta rubuta abin da 'yan ajina ke ci. Tsarin da ta ba ni shi ne na tunawa da awa 24: yaro ya lissafa duk abin da ya shiga bakinsa daga wayewar garin jiya zuwa ta yau.

Na ɗauka aikin rabin safiya ne. Na tsaya gaban allo na ce kowa ya faɗi nasa. Na farko ya ce shinkafa da nama. Shi ke nan, aji duka ya zama na shinkafa da nama, har yaron da na san gidansu tuwon dawa ne da miyar yakuwa, dare da ɗumame. Laifina ne, wa zai tona asirin tukunyar uwarsa a gaban sa'o'insa? Daga baya na riƙa kiransu ɗaya ɗaya a gindin darbejiya.

Nan na gane kalmar "abinci" ma tarko ce. A wurin yaro, abinci shi ne abin da aka zuba a kwano. Ƙosan dala biyar na bakin ƙofar makaranta, gyaɗa, rake, magarya, goruba da yake gaigaya a hanya, duk ba sa cikin lissafi. Sai na daina tambayar ciki, na koma bin ƙafa: "Da ka tashi ina ka nufa? An ba ka kuɗi? Wa kuka dawo tare?" Wata yarinya da ta rantse ba ta karya ba, sai ga kunu da ƙuli-ƙuli sun fito daga gidan kakarta.

Yawan abin ya fi ba ni wuya, don yara huɗu ko biyar ke sa hannu a kwano ɗaya. Na kawo ludayi da kofi saboda kunu, na kwaɓa yumɓu kowa ya murza mini girman lomarsa, sannan mu ƙirga. Manyan maza dai sun riƙa murza wadda ba za ta shiga bakinsu ba.

Da na kai wa ƙanwata takardun, ta duba kwanan wata ta ce, "Yaya, ranar Litinin ka tambaya, abincin Lahadi ka rubuto, kuma tsakiyar lokacin mangwaro." Ta ce in maimaita don in samo abincin ranar makaranta, in sake kuma a Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ko da zan bi su gida cikin hutu.