Allurar da babu ruwan magani: abin da na koya a ɗakin jinyata a Abuja

Duk wanda zai buɗe wurin jinya a Abuja zai tarar kasuwar ta riga ta cika da alkawari. Ka bi ta Area 1 ko bakin kasuwar Wuse, ba za ka rasa mota mai lasifika ba, ana tallar kwalba ɗaya da za ta kashe basir da sanyi da hawan jini da ciwon suga, ta kuma ƙara wa maigida kuzari. Ka buɗe Facebook ko TikTok, su ne dai. Ni kuwa abin da na shigo da shi siraran allurai ne na jinyar akufanca da jerin ciwuka da bai kai yatsun hannu biyu ba: ciwon baya, ciwon wuya da kafaɗa, amosanin gwiwa, ciwon kai mai yawan dawowa, tashin zuciya. Abokai sun ce da wannan ɗan jerin ko kuɗin haya ba zan haɗa ba. Abin da na gani daga baya shi ne gajartar jerin nan ita ce jarina, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan daga gare ta ya fito.

Asalin aikina gashin ƙashi ne, daga baya na ƙaro horo a kan jinyar tsira allura ta mutanen Sin, wadda ake kira akufanca. Tsohuwar sana'a ce. Littafin likitancinsu mai suna Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000, ya yi bayaninta. Turawan Amurka ba su waiwaye ta sosai ba sai a 1971, lokacin da aka yi wa ɗan jaridar New York Times James Reston tiyata a birnin Beijin, aka rage masa zafin bayan tiyatar da allurai, ya ba da labari a jaridar. A 2010 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ta cikin al'adun da duniya ta gada. Duk wannan tarihi yana da daɗin faɗa, amma ban taɓa ganin ya sa Bahaushe ya kwanta a gado ya miƙa bayansa ba.

Abin da ke sa shi ya kwanta shi ne ya ga allurar da idonsa. Mutanenmu ba baƙin taɓa fata ba ne: sun san ƙahon wanzami, sun san sakiya, ga wuraren hijama ko'ina. Tambayar da kusan kowa ke yi ita ce, "To Likita, ina ruwan maganin?" Sai in ɗauko guda a cikin takardarta, in farke a gabansa, in ɗora masa a tafin hannu. Kaurinta kusan rubu'in milimita ne, ba ta da rami a ciki, tana lanƙwasawa idan ka taɓa. In ce, "Alhaji, babu komai a ciki. Jijiya da tsoka take taɓawa, jikinka ne zai saki abin da ke rage zafin." In gaya masa zai ji ɗan tsini, sannan wani nauyi ko tsami a wurin, kuma za ta zauna minti 20 zuwa 30. Idan an gama, a gabansa nake jefa su cikin kwalin zubar da allurai. Ban yarda in yi wannan a bayan labule ba. A ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, mutum yana da haƙƙin ya tabbatar ba a soka wa wani allurar da aka soka masa ba, kuma na sha jin wanda ya zo yana cewa abin da aka fara gaya masa game da ni ke nan: sabuwa yake buɗewa a gabanka.

Bayanin gargajiya na mutanen Sin yana magana a kan wani ƙarfi da ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi, da gurabe 361 a kansu inda ake soka allura. Na karanta shi, ina amfani da taswirar guraben, amma ba da shi nake buɗe magana ba. Musulmi da Kirista duka sun sha tambayata ko akwai tsafi a ciki, kuma da zarar ka ce "wani ƙarfi da ba a gani", wani tunanin iskoki zai tafi. Maganar jijiya da tsoka da sinadaran rage zafi da jiki ke fitarwa ta fi kusa da abin da na yarda da shi, ta kuma fi kwantar da hankali.

Batun hujja kuma, ina faɗa wa duk mai son ji yadda yake, har da ɓangaren da bai yi wa masu sana'armu daɗi ba. An yi manyan gwaje-gwaje a Jamus, aka buga sakamakon na ciwon baya a 2007. Waɗanda aka yi wa allura sun fi waɗanda aka bari da jinyar da aka saba samun sauƙi, amma waɗanda aka soka wa allurar sama-sama a wuraren da ba gurabe ba su ma sun samu sauƙi kusan daidai da su. Hukumomi ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A Ingila hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta ce a 2016 kada a yi akufanca don ciwon baya, sannan a 2021 ta amince da ita ga ciwo mai daɗewa wanda ba a gano musabbabinsa ba. A Amurka ƙungiyar likitocin ACP ta sanya ta cikin abin da za a gwada wa ciwon baya a 2017, inshorar gwamnati ta Medicare kuma ta fara biya a 2020, zama 12 cikin kwana 90, da ƙarin 8 idan ana ganin ci gaba. Abin da na ɗauka daga nan: tana rage zafi ga mutane da yawa, haɗarinta kaɗan ne a hannun wanda ya iya, amma ba ta mayar da gwiwar ɗan shekara 70 ta koma ta saurayi. Shi ya sa ban taɓa yin ta ita kaɗai ba, sai da motsa jiki da gyaran zama da maganar rage ƙiba, wadda babu mai son ji.

Takardu ba su da daɗin labari. Rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, rajistar wurin a wajen kwamitin da ke kula da asibitoci masu zaman kansu na Babban Birnin Tarayya, lasisin sana'arka a sabunta kowace shekara, sannan ka san cewa hukumar likitoci ta MDCN ce doka ta ɗora wa kula da wannan fanni. A rataye su a bango inda mai jira zai gani. Ma'aikacin gwamnati na Abuja yana karanta bango.

Wuri kuwa ya fi yadda ake zato muhimmanci. Shago a hawa na uku na filaza ya fi araha, amma mai ciwon gwiwa ba zai hau ba, lif ɗin ma rabin lokaci babu wuta. Shagon ƙasa nake so, da wurin ajiye mota, da banɗaki mai abin zama, ko da mai gida zai nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule. Lokaci ma haka. Jinyar tana son a zo sau ɗaya ko biyu a mako na wasu makonni, kuma wanda ke fitowa daga Kubwa ko Nyanya ya sha cunkoso kafin ya kai Sakatariya ba zai bar ofis da tsakar rana don ni ba. Sassafe, bayan la'asar da ranar Asabar su ne kasuwata. Da azumi abin yakan koma bayan tarawihi. Masu tambaya ko allurar tana karya azumi ina gaya musu abin da na sani, cewa babu abin da ke shiga jiki, hukuncin kuma su kai wa malaminsu.

Babu abin da ya canja yawan masu zuwa kamar samun abokiyar aiki mace. Mafi yawan masu fama da gwiwa da ƙugu mata ne, iyayenmu, kuma Hajiya ba za ta buɗe wa ƙato cinyarta ba don ya rataya satifiket. Ɗaki daban, mace ta yi mata, zane a rufe ko'ina sai wurin da za a taɓa, 'yarta ko jikarta na zaune a gefe. Daga su ne na koyi yadda ake auna sauƙi. A makaranta an koya mana mu ce majinyaci ya zaɓi lamba daga sifili zuwa goma. Ka tambayi dattijuwa haka, amsar ita ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi", ko da daren jiya ba ta runtsa ba, don tana jin kunyar ta ce wahalarka ba ta yi amfani ba. Sai muka koma tambayar sallah. "Hajiya, a kujera kika yi asuba ko a ƙasa? Kin iya zaman tahiya? Da kika tashi daga sujada, sai da kika dafa bango?" Nan ba a ɓoye komai. Muna rubutawa a kati tun ranar farko, bayan wasu makonni mu karanta mata abin da ta faɗa da bakinta. Ranar da wata ta kai goshinta ƙasa bayan ta daɗe tana sallah a kujera, kafin magariba ta aika saƙon murya zauren WhatsApp na Islamiyyarsu. Babu tallar rediyon da ta taɓa kawo mini mutane kamar wannan saƙon, kuma ban roƙe ta ba.

Tallar kuɗi tana kawo kira, ba na musu. Sai dai yawancin masu kiran abin da ba na yi suke nema: haihuwa, ciwon suga, farfaɗiya, ciwon daji, wanda ɓarin jikinsa ya shanye ana so ya miƙe cikin mako. Kowane ɗayansu a shirye yake ya biya, wasu sun sayar da fili. A nan ne ake gane mai sana'a da ɗan kasuwa. Na kuma ƙi ɗaukar bidiyon majinyaci yana yabona, duk da masu harkar talla sun ce shi ke ci yanzu. Ƙa'idar aikin lafiya ba ta son sa, hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON tana da hurumin tantance talla, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗauki bayanin lafiya da nauyi, kuma ko babu doka, wanda ke kwance a gadonka ba ya iya ce maka a'a da zuciya ɗaya. Abin da nake sakawa gajerun bidiyoyi ne da Hausa: yadda direba zai gyara kujerarsa, yadda ake ɗaga buhu, alamomin da ke nuna ciwon baya ya wuce na gida.

Waɗannan alamomin su suka buɗe mini ƙofar da ta fi kowace. Wani dattijo ɗan fansho ya zo da ɗansa, ciwon baya na wata da watanni, ya riga ya ciro kuɗin zama goma. Ina tambaya sai ga shi ciwon ya fi tsanani da dare, ya rame har wandonsa na zamewa, fitsari kuma yana yi masa gardama. Na ce, "Baba, yau ba zan taɓa ka ba. Ga takarda, gobe a kai ka wajen likitan mafitsara, a yi hoto da gwajin jini." Ɗan ya ɓata rai, ya ce, "Haba Likita, tun daga Gwagwalada fa muke, ko guda biyu ka soka masa mana." Na ce ko ɗaya. Da na soka, mai yiwuwa zafin ya lafa, su koma gida su ƙara wata uku, abin da ke ciki yana ci. Likitan da ya gan shi ya kira lambar da ke kan takardar, ya tambayi ko ni wane ne. Tun daga nan yake turo mini masu ciwon da ya bincika bai ga abin tiyata ba, musamman masu gyambon ciki ko ciwon ƙoda da bai kamata su riƙa shan maganin kashe zafi na diclofenac kamar gyaɗa ba. Duk wanda aka turo, ina mayar da takarda: ga abin da na yi, ga inda aka kai, ga wanda bai samu sauƙi ba. Likitocin asibiti ba ƙin mu suke yi haka kawai ba. Sun gaji da karɓar mutanen da aka riƙe a wani wuri har lokaci ya ƙure.

Haka nake tambayar kowa kafin allura ta farko: juna biyu, maganin tsinka jini irin warfarin, na'urar bugun zuciya idan za a haɗa allurar da lantarki. A ƙirji da saman kafaɗa ba a zurfafawa, don huhu na kusa kuma ana iya huda shi. Sannan tun ranar farko muke yanka wa'adi. Idan an yi zama biyar ko shida babu wani canji a katin, mu tsaya, in mayar da ragowar kuɗin idan an biya gaba. Akawuna ba ya son wannan tsari, ya sha faɗa mini.

Inda har yanzu lissafi ya ƙi fita shi ne farashi. Allurai daga waje suke zuwa, dala ce ke yanka musu kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin janareta da na motar ma'aikata suka tashi, a 2024 kuma kuɗin wutar Band A, rukunin da ya fi samun wutar lantarki, ya bi sahu. Mutumin Maitama zai tura kuɗi bai tambaya ba. Amma masu ciwon bayan gaske su ne birkila da ɗan dako da mai Keke Napep da tela, mazauna Mararaba da Dei-Dei, waɗanda kuɗin motar zuwa kaɗai ya isa ya hana su dawowa. Ranar Asabar muna jera gadaje da labule a babban ɗaki, maza da safe, mata da rana, a yi wa mutum huɗu a lokaci guda a kan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka saba. Ɗakin yana cika, amma abin da ke shigowa da ƙyar yake biyan allurai da man janareta da ladan ma'aikatan ranar, ribar sauran kwanaki ce ke ɗauke da shi. Masu zuwa daga Mararaba sun fara tambaya ko za mu riƙa zuwa can ko da sau ɗaya a mako. Can jihar Nasarawa ce, wato sabuwar rajista da sabuwar haya, kuma sai na samu mace ta biyu da ta iya aikin kafin in amsa musu.