Abin da Nake Rubutawa Bayan Isha'i

Kullum bayan sallar isha'i nakan ɗauko wani ɗan littafi in rubuta alherin da ya same ni a yinin. Jiya na rubuta cewa ruwan famfo ya zo da asuba. Na kuma rubuta wani dattijo mai kayan miya a kasuwar Farin Gada, wanda ya ƙara min tumatir a kan na kuɗina yana cewa, "Ki kai wa yara, 'yata."

Na fara ne bayan cire tallafin man fetur a 2023, lokacin da tsadar rayuwa ta matse mu a nan Jos. Sai in kwanta ina lissafin kuɗin makaranta da na mota har barci ya ƙaurace min. A lokacin shinkafa dai ba ta sauka ba, amma na daina kwana da ƙunci a zuci.

Wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun wallafa bincike a 2003. Sun gano masu rubuta ni'imominsu kowane mako sun fi gamsuwa da rayuwarsu a kan masu rubuta abin da ya ɓata musu rai. Mu kuwa tun a Islamiyya aka karantar da mu alkawarin Allah a Suratu Ibrahim, cewa idan muka gode zai ƙara mana.

Yanzu idan sunan mutum ya yawaita a littafin, takanas nake zuwa in gode masa. Makon jiya maƙwabciyata na je wa, wadda ke raka yarana makaranta cikin sanyin safiya duk ranar da aiki ya fitar da ni da wuri.