Minti goma da na yanke daga sujada

Har yau in na bi ta gefen gonar Iya sai na sunkuyar da kai.

Daminar bara mai bishararmu ya tafi kwas na wata uku, dattijai suka ce ni zan riƙa bi da sujadar Lahadi tunda ina karatu ba gargada. Majami'armu ƙarama ce, a wani ƙauye a ƙasar Sumaila, in mun cika mu kai 50 har da yara. Wa'azi bai ba ni wahala ba, waƙa kuwa zumuntar mata sun riƙe abinsu da ganga da tulu, ba ruwana.

Inda na kwafsa shi ne wayon da na ga ina da shi. Mutane sun wuni gona kwana shida, suna zuwa coci suna gyangyaɗi, sai na ce bari in rage musu lokaci. A tsarinmu bayan baiko, wato sadakar da ake tarawa a coci, akwai dattijon da ke tashi ya bi gida gida da suna, wa bai zo ba, wa ke kwance, wa ta haihu, sannan a yi addu'a a kansu. Ni a ganina surutu ne kawai, ai ƙauye ne kowa ya san kowa. Na cire shi ban tambayi kowa ba, dattijon kuma ya ɗauka mai bishara ne ya ce a yi haka sai ya yi shiru.

Lahadi uku Iya ba ta zo ba. Gwauruwa ce, gidanta na ƙetaren rafi, 'ya'yanta duk suna birni. Waɗanda suka ga wurin zamanta ba kowa sun ɗauka rafi ne ya kawo ya tare ta, kowa kuma yana zaton wani ya leƙa. Ashe zazzaɓi ne ya kwantar da ita ko tashi ba ta iya yi. Wata maƙwabciyarta Musulma ce ke kai mata kunu, ita ta turo ɗanta ya faɗa mana, Allah ya saka mata. Kafin mu haɗa gayya lokacin maimai ya wuce, ciyawa ta shanye geron.

Abin da ya fi ƙona min rai, a cikin makonnin nan har wa'azi na yi a kan Ibraniyawa 10:25, ina ta ɗaga murya kar mu bar taruwa. Aya ta 24 da ke samanta, mai cewa mu kula da juna, ko kallonta ban yi ba!

Dattijon bai yi min faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya kira ni gindin darbejiya ya ce "Ɗana, wa ya ce ka cire?" Na ce "Baba, gani na yi mutane sun gaji." Sai ya sa na karanta masa Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka riƙa tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci a Urushalima har manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Ya ce su da suka ga Yesu da idonsu ma sai da suka naɗa masu lura, balle mu.

Ni dai in an ba ka jagora, kar ka taɓa komai a tsarin sai ka tambayi tsofaffi dalilin da ya sa aka sa shi. In lokaci kake so ka rage, rage wa'azinka, nawa ma minti arba'in nake yi ina maimaita magana ɗaya, ban ga tsawonsa ba sai na minti goman dattijo.

Iya ta warke. Dami shida ta samu a gonar da ta saba ɗaukar kusan ashirin, muka haɗa mata hatsi da kaka. Ko sau ɗaya ba ta tayar min da zancen ba, jiya ma ta aiko jikarta da dafaffiyar gyaɗa wai a kai wa malam.