Kulob ɗin wiwi a Barselona: abin da matafiyi daga Kaduna ya kamata ya sani kafin ya hau jirgi

Akwai maganar da ke yawo a majalisun matasa, daga Kawo har Tudun Wada, cewa wai a Sifaniya an halatta tabar wiwi, har kulob-kulob gare ta. Rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa shi ke kai baƙo hannun 'yan sanda. Duk mai ɗa ko ƙane da zai tafi karatu, gwajin ƙwallo ko baje kolin wayoyi a birnin Barselona na Sifaniya, ya zaunar da shi ya fayyace masa.

Kulob ɗin ba shago ba ne. A takarda ƙungiya ce mai rajista wadda ba ta neman riba, tsarinta kamar adashe: mambobi su haɗa kuɗi, a noma iya abin da za su sha, a raba a tsakaninsu cikin gida a rufe. Ba mai shiga sai baligi mai katin shaida, kuma a ƙa'ida sai wani mamba ya tsaya masa. Babu tallace-tallace, yawancinsu ko allo babu a ƙofa, sai ƙararrawa da kyamara.

To amma babu wata dokar ƙasa da ta ba su lasisi. Sun dogara ne kawai da cewa shan mutum shi kaɗai a keɓe ba laifin ɗauri ba ne a Sifaniya. A 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa noma da rarrabawa ga ƙungiyar da kowa ke iya shiga fatauci ne. Majalisar Kataloniya, yankin da Barselona take ciki, ta yi wa kulob-kulob ɗin doka a 2017, Kotun Tsarin Mulki ta soke ta a 2018. Tsarin da hukumar birnin Barselona ta yi musu shi ma kotu ta rushe shi. Saboda haka katin mamba ba kariya ba ne, ranar da aka kai samame sai a ɗauki sunan duk wanda aka tarar a ciki.

Inda baƙi suka fi faɗawa shi ne titin La Rambla da lungunan tsohon gari. Wani zai matso kusa da kai, ya rage murya, ya ce zai kai ka kulob, ka biya 'yan Yuro a yi maka kati nan take. Wannan ɗan kamasho ne, kuma gidan da ke tura mutane farautar baƙi a titi shi ne wanda hukuma ta fi sa wa ido, domin ya riga ya karya sharaɗin da ake ɗaga wa ƙungiyoyin ƙafa a kansa. Wasu ma ba kulob za su kai ka ba, lungu ne, a raba ka da waya da fasfo.

Da zarar mutum ya taka bakin titi da ƙulli a aljihu, lissafi ya canza. Dokar tsaron jama'a ta 2015 ta sa tarar Yuro 601 zuwa 30,000 a kan sha ko riƙewa a titi, lambu, bakin teku ko motar haya, ko da bai kunna ba. Tuƙi da alamar wiwi a yawu tarar Yuro 1,000 ce. Sayarwa kuwa, ko miƙa wa wani, na iya shiga sashe na 368 na dokar hukunta laifuka: ɗaurin shekara 1 zuwa 3. Ga baƙo abin ya fi muni, don hukuncin da ya haura shekara ɗaya ana iya musanya shi da kora, tare da hana dawowa na shekara 5 zuwa 10. Ɗalibin da iyayensa suka sayar da fili a Rigasa don biyan kuɗin makaranta, shi ke nan karatun.

Sauran ƙasashen Turai ma ƙofarsu ba ta baƙo ba ce. Jamus ta sassauta doka a Afrilun 2024, amma kulob ɗinta sai wanda ya yi wata shida yana zaune a ƙasar, mambobi ba sa wuce 500, kuma ba a sha a harabar kulob ɗin. Malta ma mazauna kawai take karɓa. Mai bizar kwana 90 ba ya cikin lissafinsu. A Amstadam ta ƙasar Holan, inda shagunan wiwi ke sayar da giram biyar, tun 2023 an hana sha a titunan wani ɓangare na tsohon gari, tarar Yuro 100.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dawowa. Jiragen da ke kawo mutanenmu Abuja ko Kano kan yada zango a Doha, Istanbul ko Alkahira, kuma can ba ruwansu da inda aka sayo. Ɓurɓushi a ɗinkin aljihun jaka, alewa ko ɗan kwalbar man da aka haɗa da wiwi sun isa a tsare mutum. A gida kuma dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da miyagun ƙwayoyi, shigo da su kuwa har ɗaurin rai da rai. Gwajin fitsari yakan nuna ta kwanaki bayan sha, ga wanda ya saba har kusan wata guda, don haka gwajin ɗaukar aiki ko na makaranta zai iya tona abin da aka yi a wata ƙasa.

Kafin a rufe akwati a zazzage kowane aljihu, a duba jakar da aka aro wurin aboki. Saƙon da ba a buɗe shi a gabanka ba, ko na ɗan'uwa ne, kada ka karɓa. Idan kuma 'yan sandan Sifaniya suka tsare ka, kana da haƙƙin lauya da tafinta kyauta, da kuma a sanar da ofishin jakadancin Nijeriya a Madrid. Kada ka sa hannu a takardar da ba a fassara maka ba.