Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar Yunwa a Kumasi

Wancan makon na tsaya a inda dattawan Zango suka ba ni ɗaki a Aboabo, bayan masallaci, suka damƙa mini yara. Ƙanena ya kira ni bayan ya karanta, ya ce, "Yaya, ka bar zancen kwamitin masallacin unguwarmu haka, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya." Allah Ya jiƙansu, haƙƙina da ke kansu na yafe. Amma 'ya'yana sun taso suna jin ana cewa ubansu fataucin goro ya je yi Ghana ya fake da karantarwa, kuma ba zan bar musu wannan magana ba.

A zauren Baffa aka ƙulla alkawarin. Mutanen Kumasi su ba da ɗaki, kwamitin masallacin unguwarmu ya riƙa aiko mini da kuɗin abinci duk wata uku ta hannun direbobin da ke bin hanyar Legas zuwa Akra, a kuma riƙa kai wa uwargida hatsi, tun da da goyo na bar ta. Na farko ya iso, ban musa ba. A watan Satumba na 1982 gwamnatin Rawlings ta rufe iyakokin Ghana, sai suka samu abin faɗa. To, in iyaka ta hana kuɗi zuwa Kumasi, wace iyaka ce tsakanin masallaci da ƙofar gidana? Inna ce ta ci da matata da ɗana daga rumbunta, kuma ba ta taɓa sa an rubuto mini ba, don kada hankalina ya tashi.

Ranar da zan taso Baffa ya riƙe hannuna ya ce, "Baƙo raɓa ne. Ka karantar da yara, kada ka shiga rigimar gari." Tun makon farko na ga amfanin maganar, domin kowa so yake ya san ɓangarena, 'yan Tijjaniyya ko masu sukarsu, har ana leƙen inda nake ajiye hannu a salla. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce masa Ƙur'ani da Ahalari da Ishmawi aka aiko ni in koyar. A gida wasu 'yan kwamitin suna magana kamar wurin jahilai za a kai ni. Na tarar da tsofaffin da suka yi karatu a hannun almajiran Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, kuma akwai ɗaya a cikinsu da nake zuwa in ɗauki Risala a wurinsa bayan la'asar.

Karatu daga Asabar zuwa Laraba ne. Ƙanana su zo da hantsi, masu zuwa boko su zo da yamma, Alhamis da Juma'a in yi wanki in zaga gaishe-gaishe. Kuɗin Laraba da iyaye ke bayarwa shi ne sabuluna da kananzir ɗina. Da dare kuwa sojoji sun sa dokar hana yawo, ana idar da lisha kowa ya nufi gida.

Sai 1983 ta shigo. Fari ya yi tsanani, gobarar daji ta cinye gonakin koko da rogo da agade, ruwan madatsar Akosombo ya ja baya har wutar lantarki ta koma rabo. Ka shiga kasuwar Kejetia da kuɗi a aljihu ka fito ba ka ga masarar saye ba. Na ga layin mutane a ƙofar mai dokunu suna sayen ɗanyen ƙulli, ba su iya jira ya dahu, gudun kada ya ƙare. Ƙashin wuyan mutane ya fito fili, shi ne suke kira sarƙar Rawlings. Yarana suka fara gyangyaɗi a kan allo, na ajiye bulala gaba ɗaya a shekarar, domin ba a dukan yaron da bai karya ba. Kuɗin Laraba ya ɗauke, ban kuma tambayi kowa ba.

Akwai wata Hajiya a layinmu mai sayar da wake da shinkafa. Da shinkafa ta gagara ta koma dama koko. Kullum bayan asuba jikarta za ta ajiye mini kofi a bakin ƙofa. Na je na ce, "Inna, ki daina, ke ma iyali gare ki." Ta ce, "Malam, ba kai nake ba wa ba, karatun yaran nan nake ba wa." Azumi ya kama a watan Yuni, kafin sabon amfani ya shigo, kuma da kokon nan da 'yar masarar agaji mai ruwan ɗorawa na yi yawancin buɗa-bakina. Wannan ne mutumin da aka ce yana can yana juya dukiyar goro.

Na tsallake watan Janairu, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Najeriya, mutanen Ghana wajen miliyan ɗaya suka kwararo gida a cikin wannan yunwa. Manyan motoci suna sauke su a Kumasi da jakunkuna a ka, jama'a na kiransu 'yan Agege, sunan wata unguwa a Legas. Dattawan Zango suka yi tsit. Sun tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi irin wannan wa'adin na mako biyu, Hausawa da Yarabawa suka karyar da gidaje da shaguna suka fita, wasu ma a nan aka haife su. Liman ya kira ni ya ce in rage fita, in kuma daina sa doguwar hular da ke nuna daga inda na zo. Na kwana ina juya maganar Baffa. Raɓa dai rana na fitowa take tashi, na ɗaure littattafaina a buhu ina jiran abin da Allah zai yi.

Bayan gidanmu akwai wata tsohuwa Ba'ashantiya, mai zuwa cocin Methodist, wadda ɗanta yana cikin waɗanda aka koro. Ya dawo ba ko takalmi, kayan aikinsa na kanikanci duk sun salwanta a hanya. Ina kauce wa ƙofarsu. Wata safiya sai ga ta da kanta da agade da gwaza a tire, ta sa wani almajirina ya yi mana tafinta. Ta ce ta lura kwana biyu ba na wucewa, in ci gaba da bin hanyata, ba ni na kori ɗanta ba. Ɗan kuwa daga baya shi yake gyara mana fitilar makaranta, yana ba ni labarin wani Bakano mai shayi a Agege da ya ɓoye shi a rumfarsa har ya samu mota. Har na bar Kumasi ba wanda ya ɗaga mini yatsa a kan korar nan.

Shekaru da yawa bayan na dawo, a walimar saukar ɗana na biyu, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya miƙe a gaban jama'a ya ce su ne suka ɗauki nauyina a Ghana daga farko har ƙarshe. Mutumin nan daga bakinsa zancen goro ya fara fita. Na yunƙura zan tashi, Baffa, wanda a lokacin ido ya riga ya tafi, ya laluba ya danne mini gwiwa. Na zauna don girmansa. Game da zaman Kumasi ya ce mini baƙo raɓa ne, na ji, na bi. Amma ran nan a ƙofar gidan ubana nake, kuma matar da aka hana hatsi tana cikin gida tana jin lasifika. Baffa ya rasu, mai maganar ma ya rasu, shi ya sa yau na rubuta sunan aikin kowa: ɗaki na dattawan Aboabo ne, koko na Hajiya, hatsin gida na Inna, na kwamiti kuwa kuɗin wata uku.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo yadda na zo gida na ɗauki uwargida, da abin da ya faru da mu a kan iyakar Aflao.