Yadda na mayar da Ɗanjuma "anjuma"

Ƙannena masu koyon rubuta kod, ku matso ku ji wautar da na tafka, wallahi har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ƙarshen 2019 ne, ana ta shelar cewa daga 1 ga Janairun 2020 an daina kula da harshen rubuta kod na Python 2, ni kuma ina da wata ƴar manhaja da na rubuta ma wata makaranta tana fitar da katin sakamakon yara, sai na ce bari in kwashe ta zuwa Python 3 tunda ai uwa ɗaya uba ɗaya ne, aikin dare ɗaya.

Na kunna 2to3, abin da ke juya kod ɗin Python 2 zuwa 3, ya gyara min su print, manhaja ta tashi, na fara jin kaina. Ina zuwa wajen rubuta sunaye cikin fayil sai ga saƙon kuskure wai UnicodeEncodeError, dare ya yi ga caji na ƙarewa, maimakon in tsaya in karanta me yake cewa sai kawai na liƙa errors="ignore" na toshe mai baki na je na kwanta. Ashe Windows ɗin na buɗe fayil da tsarin adana haruffa na cp1252 ne in ba ka faɗa mai komai ba, shi kuwa cp1252 bai san ƙ ba bai san ɗ ba balle ɓ, abin da na umarce shi ke nan, duk harafin da bai gane ba ya watsar. Aka buga kati, Ɗanjuma ya fito anjuma, Ɗahiru ya koma ahiru. Uban wani yaro ne ya dawo da katin da hannunsa, shugaban makaranta ya kira ni ya ajiye min a tebur ya ce malam karanta min wannan sunan.

Maganin fa bai wuce encoding="utf-8" a cikin open ba. Python 2 bai damu ba, str ɗinsa, wato rubutu, bayit ne zalla ba haruffa ba, shi ya sa len("ƙasa"), mai ƙirga tsawo, ke ba ka 5 a can, a Python 3 kuma 4, don ƙ bayit biyu ce a UTF-8. To ku riƙe wannan, abu na shigowa ku yi mai decode (ku mayar da bayit rubutu) tun a bakin ƙofa, zai fita ku yi encode (ku mayar da shi bayit), a tsakiya str kawai.

Kuma don Allah kar ku haɗa ƙaura da kwalliya. Ni a zama ɗaya na canza duk %, tsohuwar hanyar cusa abu cikin rubutu, zuwa sabuwar hanyar f-string saboda sun burge ni, da lambar ɗalibi ta fara fitowa da b'', alamar bayit, manne a jikinta sai na kasa gane wanne canjin ne ya jawo, kwana biyu ina zargin f-string alhali bayit ne ban yi wa decode ba. Ku fara ƙaura, ku gwada, sannan kwalliya. Yanzu fayil ɗin gwajina layin farko Ɗanjuma ne, na biyu Ƙaura, na uku ɓarawo.