Daga Damagaram zuwa bakin tekun Benin

Ƙaramin ofis gare ni a unguwar Zango, aikinmu shirya wa mutane tafiya. Da ƴan kasuwa muka fara, masu zuwa Kwatano sayen mota ko atamfa a kasuwar Dantokpa. Abin da ya riƙa damuna shi ne, mutum ya shekara da shekaru yana sintiri, amma bai san komai a ƙasar ba sai tashar jiragen ruwa da masaukinsa. Shi ya sa na ƙara da tafiyar buɗe ido, kuma malaman makaranta ne suka fi karɓar ta.

Hanyar sananniya ce: Maraɗi, Ƙonni, Doso, Gaya, sannan Paraku. Rufe gadar Malanbil, wadda ke kan iyakar Nijar da Benin, a 2023 ya ja mana wahala da ƙarin kuɗi, har aka koma tsallake kogi da kwalekwale. Sauƙin dai sefa ɗaya muke kashewa da mutanen Benin. Katin rigakafin shawara kuwa ba na karɓar kuɗin kowa sai na gan shi.

A Abome nake fara sauke su, fadar sarakunan Dahome da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985. Wanda ya tashi yana ganin fadar Sarkin Damagaram a Birni ba ya buƙatar dogon bayani kan ginin jar ƙasa. Daga nan sai Ganbiye, garin ƴan ƙabilar Tofinu da aka kafa bisa turaku a tafkin Nokuwe, don tsere wa masu farautar bayi. Kasuwarsu ma a kan ruwa take ci.

Wida ce ta fi nauyi. Muna taka hanyar bayi da ƙafa, kusan kilomita 4, har ƙofar tunawa da aka gina a bakin teku a 1995. Mutanen garin suna riƙe da addininsu na Bodun, suna bikinsa a watan Janairu, kuma a nan aikina yake. Tun a mota nake cewa: "Alhaji, Hajiya, mu baƙi ne. Ba dole ku shiga ɗakin bautarsu na macijin mesa ba, amma ban da tsaki, ban da ɗaukar hoto sai an ba da izini." Masallaci da wurin cin halal na riga na tanada, don haka ba wanda ke da hujjar ɓata rai.

Teku kuma a tsaya iya idon sawu. Igiyar ruwan gaɓar nan tana jan mutum ciki, mu kuma yawancinmu ba mu iya iyo ba. Wanda ya zo da yara, hannunsu a nasa har mu koma mota.